Piya-piya da jikin manomi: yadda maganin ƙwari ke toshe wani anzim da muke da shi mu ma



A shirinmu na manoma na makon jiya wani dattijo ya bugo waya daga wajen Dungu, ya yi tambayar da lokaci bai bar mu mun amsa ta yadda ya kamata ba. Ya ce shekara da shekaru yana fesa piya-piya a garkarsa, yana kuma yayyafa wa wake in zai ajiye. Amma duk ranar da ya yi feshi da rana tsaka sai ya koma gida da ciwon kai, yawu ya cika masa baki, gani ya yi dishi-dishi, wani lokacin har naman cinyarsa ya riƙa rawa shi kaɗai. Sai ya ce: "To ɗana, maganin ƙwari ne fa, ni kuwa ba ƙwaro ba ne. Me ya haɗa ni da shi?" Duk wanda ke cikin situdiyo sai da ya yi dariya, amma tambayar ta fi ƙarfin dariya. Na yi masa alkawarin zan bincika in rubuto. To Baba, ga amsar, a sa yara su karanta maka.

Abin da ya haɗa ka da ƙwaro wani ɗan ma'aikaci ne da ke cikin jikinka, yana kuma cikin jikin sauro, da fara, da ƙwaron wake, da akuyarka. Masana suna kiran irin waɗannan ma'aikata da suna anzim. Piya-piya shi yake nema, kuma bai san bambancin na mutum da na ƙwaro ba sai kaɗan.

Anzim ba baƙo ba ne gare mu, sunan ne kawai baƙo. Matan da ke dama kunun zaƙi sun san in aka zuba garin tsiro cikin kunu mai kauri sai ya tsinke ya yi zaƙi ko ba a sa sukari ba. Mahauta sun san ganyen gwanda na sa nama mai tauri ya yi laushi. Mai yin daddawa, ta kalwa ce ko ta batso, in ta dafa ta rufe ta ajiye kwana biyu ko uku, wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani ne ke fitar da anzim su yayyanka abin da ke cikin ƙwayar, daga nan warin da ɗanɗanon ke fitowa. Duk aiki ɗaya ne: wani abu na shiga tsakani ya hanzarta sauyin da in ba da shi ba zai ɗauki shekaru, kuma shi kansa ba ya ƙarewa, kamar almakashin tela da zai yanka yadi dubu yana nan almakashinsa. Wasu Faransawa biyu, Payen da Persoz, su suka fara ware irin wannan abu a shekarar 1833, daga tsiron sha'ir, wato ɗan'uwan tsiron da ke cikin kununmu. A 1926 wani Ba'amurke, James Sumner, ya tace wani anzim daga wani nau'in wake ya nuna cewa furotin ne. An daɗe ana musu da shi kafin a yarda, har aka ba shi kyautar Nobel a 1946.

Furotin kuwa, a ɗauke shi kamar carbi mai tsawo da aka shirya da duwatsu iri 20, ɗaruruwa a jere, sannan aka naɗe shi ya yi wata siffa ta musamman. Siffar ce ke yin aikin. In aka liƙa wa dutse ɗaya tak wani ɗan abu, aikin carbin duka na iya sauyawa. Jiki da kansa yana amfani da wannan dabara. A 1955 Edmond Fischer da Edwin Krebs, a birnin Seattle na Amurka, suka gano cewa jiki na liƙa wa wani anzim na tsoka ɗan guntun sinadarin da ake kira fosfat in yana so ya kunna shi, ya kuma cire in yana so ya kashe shi, kamar maɓallin fitila. Daga baya aka ga ashe dubban furotin haka ake sarrafa su. An ba su Nobel a 1992. A riƙe wannan kalma ta fosfat, don za mu dawo kanta.

Yanzu mu koma cinyar Baba da ke rawa.

In kana so ka ɗaga hannu, ƙwaƙwalwa na aika saƙo ta jijiya. Amma jijiyar ba ta manne da tsoka, akwai ɗan rata tsakaninsu. Don saƙon ya tsallaka, bakin jijiyar na fesa wani sinadari mai suna asetilkolin, shi ke taɓa tsokar ta motsa. Wani likita, Otto Loewi, ya nuna haka a 1921 a birnin Graz na ƙasar Ostiriya, da zuciyar kwaɗi biyu: ya tsokani jijiyar ta farko har bugunta ya ragu, ya ɗebi ruwan da take ciki ya zuba wa ta biyu, ita ma ta rage bugu. Ke nan saƙon a cikin ruwan yake. Wannan sinadari ɗaya shi ke gaya wa yawu ya zubo, hawaye da gumi su fito, hanji ya motsa, mafitsara ta matse, ƙwayar ido ta tsuke, zuciya ta sassauta.

To amma saƙo in ya isa dole a share shi, don wani ya samu hanya. Mu ma'aikatan rediyo mun san wannan: in na gama magana mai kula da na'ura bai rufe makirufona ba, ya buɗe na baƙo, ya sa kiɗa a kai, abin da zai fita a akwatinku hayaniya ce kawai. Mai rufe makirufo a jikinmu shi ne anzim ɗin da ake kira kolinesteraz. Yana zaune a cikin ratar nan, yana kama asetilkolin ya raba shi gida biyu. Yana cikin mafiya sauri da aka sani: guda ɗaya na iya raba fiye da dubu 10 cikin sakan ɗaya. A 1991 wasu masana a cibiyar Weizmann ta Isra'ila, Joel Sussman da Israel Silman da abokan aikinsu, suka fitar da siffarsa. Daga jikin wani kifin teku mai jan lantarki suka samo shi, mai aiki irin na minjiryarmu, don irin waɗannan kifaye suna da shi da yawa. Suka ga ashe anzim ɗin na da wani rami mai zurfi mai ƙunci kamar rijiya, a can ƙasan rijiyar kuma akwai dutse ɗaya na carbin, mai suna serin, wanda shi ne wuƙar da ke yankan.

Sinadarin da ke cikin piya-piya sunansa dikilorbos, a jikin kwalba za ku ga an rubuta DDVP. Shi ne a cikin Sniper da sauran ire-irensa da ke shigo mana. Yana cikin dangin da ake kira organofosfat, kuma kun ji fosfat ɗin nan ta dawo. Abin da yake yi shi ne ya faɗa rijiyar kamar shi ne saƙon da za a share. Serin ya kai masa sara yadda ya saba, sai guntun fosfat ɗin ya liƙe masa ya ƙi sauka. Da asetilkolin ne, cikin ƙiftawar ido guntun zai faɗi anzim ya koma aiki. Wannan kuwa guga ne ya maƙale a rijiya, babu mai sake ɗiban ruwa. Jiki ya saba liƙa fosfat ya cire da kansa, amma wannan ba shi ya liƙa ba, kuma ba shi da ma'aikacin da aka tanada don cire shi da sauri.

Daga nan duk abin da Baba ya lissafa ya fito fili. Asetilkolin ya taru babu mai sharewa, saƙo na ta maimaituwa. Yawu ya yi ta zuba, gumi da hawaye haka. Ƙwayar ido ta tsuke ta koma kamar kan allura, shi ne dishi-dishin. Tsoka ta yi ta karɓar umurni, shi ne rawar cinya, in abin ya yi yawa kuma ta gaji ta saki gaba ɗaya. In gubar ta fi haka sai amai da zawo da fitsari ba a shirya ba, ƙirji ya cika da majina ana jin ƙarar numfashi, mutum ya rikice ko ya suma. Abin da ke kisa galibi numfashi ne: huhu ya cika da ruwa, tsokar da ke jan iska kuma ta tsaya. Ƙwaron da kuke gani ya kife yana harba ƙafa bayan feshi, abin da ke samunsa ke nan. Ya riga mu faɗuwa ne don ƙarami ne, mu kuma muna da hanta da jini masu lalata wani kaso na gubar kafin ta isa. Kuma ba sai an sha ba. Dikilorbos na shiga ta fata, yana kuma tashi ya bi iska, musamman da zafi. Shi ya sa feshin rana tsaka ya fi kayar da Baba, shi ya sa kuma yayyafa shi a ɗaki a rufe ƙofa yara na barci, don sauro ko kuɗin cizo, ganganci ne babba. Hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta sa shi a rukunin magunguna masu haɗari ƙwarai, waɗanda ake yi wa jan layi a ƙasan takardar kwalba.

Asalin wannan dangi ma ya isa ya sa mutum ya yi hattara. A 1936 wani masanin sinadarai na Jamus, Gerhard Schrader, yana neman maganin ƙwari, ya haɗa wani abu da ɗigo kaɗan ya sa shi da mataimakinsa idanunsu suka tsuke, numfashi ya yi musu wuya. Sojoji suka karɓe binciken, daga nan aka samu iskar yaƙi mai guba, har da sarin, wadda wata ƙungiya ta saki a jirgin ƙarƙashin ƙasa na Tokyo a watan Maris na 1995. Piya-piya bai kai su ƙarfi ba ko kusa, amma rijiya ɗaya suke faɗawa. Wani abin da ya ba ni mamaki kuma, tun kafin Turawa su haɗa nasu, a nan Afirka ta Yamma aka san guba mai toshe wannan anzim. A Kalaba, kudancin Najeriya, akwai wani wake da mutanen Efik ke ba wanda ake zargi da maita ya ci a matsayin rantsuwa. Likitocin Edinbara suka kai shi can suka yi ta bincike, a 1864 kuma aka ware sinadarinsa a Jamus. Da shi Loewi ya yi amfani wajen gane cewa akwai anzim mai share saƙo. Wani dangin magungunan ƙwari, karbamat, a kan samfurinsa aka ƙera su.

Abin da ya kamata a yi in ta faru

Akwai labari mai daɗi kaɗan. Fosfat ɗin dikilorbos, in an raba mutum da gubar, yana iya saɓulewa da kansa cikin awoyi, shi ya sa Baba yake kwana ya tashi garau ya ɗauka gajiya ce. Amma akwai wani abu da masana ke kira tsufan anzim: in guntun ya daɗe a liƙe, wani ɓangarensa na karyewa, abin da ya rage ya kafe har abada. A dangin su dikilorbos wannan na faruwa cikin awoyi kaɗan. Anzim ɗin da ya tsufa ya tafi ke nan, sai jiki ya ƙera sabo, wanda ke cikin jajayen ƙwayoyin jini kuwa wajen kashi 1 cikin 100 yake dawowa a rana. To wanda ke feshi yau, gobe, jibi, kullum yana ci daga jarinsa ne bai sani ba, ranar da zai faɗi kuma ba lallai ne ya zama ranar da ya fi fesawa ba.

A likita babban makami shi ne allurar atropin. Ba ta gyara anzim ɗin. Abin da take yi shi ne ta toshe kunnen da ke sauraren saƙon, sai majina ta bushe, ƙirji ya buɗe, zuciya ta dawo daidai. Ana ta ƙarawa ne har ƙirji ya washe, wani lokaci allura da yawa, don haka kada dangi su ga ana ta yi su ɗauka an yi wa mara lafiya yawa. Na san wani zai ce ai irin wannan sinadari na cikin zaƙami. Haka ne, akwai shi, amma zaƙami shi kansa guba ne mai haukatarwa da kisa, kuma babu mai iya auna shi a gida. Kada a gwada.

Akwai magani na biyu, piralidoksim, wanda labarinsa ke da daɗin ji ga masu bincike. Irwin Wilson da Sara Ginsburg, a jami'ar Columbia ta New York, su suka tsara shi a 1955, ba da lalube ba: sun yi lissafin yadda anzim ɗin yake, suka ƙera wani abu da gefe ɗaya zai zauna daidai a ramin, ɗaya gefen ya finciko fosfat ɗin. Ƙugiyar ciro guga ke nan. A kwalbar gwaji yana aiki sosai, matuƙar anzim bai tsufa ba. A jikin marasa lafiya kuwa abin bai fito haka sarai ba: wani babban gwaji da Michael Eddleston da abokansa suka yi a Siri Lanka, aka wallafa a 2009, bai nuna ya rage mutuwa ba. Har yanzu likitoci na muhawara a kansa. Abin da ba a muhawara a kai shi ne atropin da wuri da taimakon numfashi.

Saboda haka in wani ya faɗi a garka, ko yaro ya sha, a fitar da shi iska. A tuɓe masa tufafin da maganin ya jiƙa, a wanke jikinsa da ruwa da sabulu, ido kuwa da ruwa mai tsabta na tsawon minti 15. Mai taimako ya sa leda a hannu, don shi ma yana iya ɗauka. In ya suma a kwantar da shi ta gefe don kada amai ya koma masa huhu. Sai a nufi CSI mafi kusa ko likitar gunduma a nan Matamaye, da kabu-kabu ko amalanke ko duk abin da aka samu, ba a jira a ga yadda hali zai yi. A tafi da kwalbar.

Maganar nono da manja da man gyaɗa, na san zan ɓata wa wasu rai, amma dole in faɗa: ba sa karya wannan guba. Gubar ba a ciki take zaune tana jira ba, ta riga ta bi jini ta liƙe a jikin anzim, nono ba ya zuwa can. Ita kuma mai son maiƙo ce, mai na iya taimaka mata shiga jiki. Ga shi ana narka maganin cikin wani ruwa dangin kananzir, in aka sa mutum amai dole, ko aka ɗura wa wanda ya suma abu, ruwan na iya faɗawa huhu ya ƙara wata cutar. Minti talatin ɗin da ake ɓatawa wajen neman mai nono su ne ake buƙata a hanya.

Dalilin tafiya da kwalba kuwa, ba duk maganin ƙwari ne organofosfat ba. Ƙwayar nan da ake jefawa cikin buhu, Phostoxin, iskar da take fitarwa wata hanya daban take bi, atropin ba ya karya ta. Maganin ciyawa irin su parakwat ma daban ne. In likita ya ga takardar kwalba ya san da wa yake faɗa. Wani abu kuma: wanda ya farfaɗo kada a matsa a sallame shi. Wasu likitocin Siri Lanka sun bayyana a 1987 cewa tsakanin kwana 1 zuwa 4 bayan gubar ta shiga jiki, ko da an ga kamar an warke, tsokar wuya da ta numfashi na iya sake saki. Mutum na zaune yana hira, sai a ga ya kasa ɗaga kai daga matashi. A gida babu abin da za a iya yi masa.

Ana iya auna anzim ɗin nan a jini, da ɗigo ɗaya daga yatsa. Hanyar wani Ba'amurke ce, George Ellman, tun 1961: ana zuba wani sinadari, in anzim na aiki ruwan ya koma rawaya, in an toshe shi rawayar ta yi jinkirin fitowa. Ma'aikatan yaƙi da farin dango, masu fesa irin su fenitirotiyon da kulorpirifos, haka hukumar FAO ta tsara a riƙa auna su kafin aiki da lokacin aiki, wanda nasa ya sauka sosai a janye shi ya huta. Masu garake da ke feshi da silifa da singileti, babu mai auna su. Tun da an ambaci fara: wadda aka tsinta a mace ko tana magagi a inda aka yi feshi, kada a soya, kada a kai kasuwa.

Su ma ƙwarin ba zaune suke ba. A 2003 Mylène Weill da abokan aikinta a Montpellier ta Faransa suka nuna cewa wasu sauro, har da mai kawo zazzaɓin cizon sauro a yankinmu na Afirka ta Yamma, sun sauya dutse ɗaya tak a carbin kolinesteraz ɗinsu. Ramin ya ƙara ƙunci, guba ba ta shiga da sauƙi, saƙo kuwa yana shiga. In aka yi ta fesa magani iri ɗaya, masu tsohon anzim su mutu, masu sabo su hayayyafa. Manomi ya ga magani bai ci ba sai ya ninka murfi biyu ya koma huɗu. Ƙwaro ya sauya nasa anzim, na manomi yana nan yadda yake.

Kada a ɗauka duk abin da ke liƙe wa anzim mugu ne. Aspirin da muke saye a farmasi haka yake aiki: yana liƙa ɗan guntu a kan serin na wani anzim mai haɗa sinadaran ciwo da kumburi. John Vane na Ingila ya gano a 1971 cewa haɗa waɗannan sinadarai yake hanawa, an kuma daɗe ana shan sa kafin nan ba a san yadda yake yi ba. Penisilin ma haka: yana liƙe wa serin na anzim ɗin da ƙwayar cuta ke gina bangonta da shi, mu kuwa ba mu da wannan anzim, shi ya sa yake kashe ta ya bar mu. Bambancin magani da guba a nan shi ne wane anzim aka nufa, kuma na wa. Akwai fannin bincike guda da ya tsaya a kan wannan, inda masana sinadarai ke ƙera ƙananan abubuwa don su leƙa cikin mai rai. A 1999 Benjamin Cravatt, a cibiyar Scripps ta Kaliforniya, ya ɗauki wani ɗan'uwan waɗannan gubobi ya ɗaura masa alama a wutsiya. Duk anzim mai serin da ke aiki sai ya kama shi ya liƙe, alamar ta nuna inda yake, wanda ba ya aiki kuwa ba ya kamawa. Da wannan ake ƙirga anzim masu aiki a cikin tsoka mai lafiya da mai ciwon daji, ana kuma gwada sabon magani a ga ko ya taɓa wanda ba a aike shi ba.

Saura maganar wake, wadda ta shafi aljihu. Nijar na cikin manyan masu noman wake a duniya, Najeriya ce kawai ke gabanmu, kuma wakenmu da yawa ta nan yake bi ya tsallaka iyaka zuwa kasuwar Dawanau ta Kano. A watan Yuni na 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar busasshen wake daga Najeriya, saboda dikilorbos da aka riƙa samu a ciki. Iyakar da suka yarda da ita miligiram 0.01 ce a kilo, an samu wanda ya kai 4.6. A 2019 hukumar NAFDAC ta Najeriya ta hana sayar da ƙananan kwalaben Sniper a kasuwanni da kantuna. A ɓangarenmu, ƙasashen CILSS na da kwamiti guda mai tantance magungunan ƙwari, CSP, mai mazauni a Bamako, kuma duk wanda ya amince da shi yana ɗauke da lambar amincewa a takardarsa. Ƙungiyar RECA ta zaurukan manoma ta sha wallafa cewa da yawan waɗanda ke kan tebura a kasuwanninmu ba su da wannan lamba. Piya-piyan da ake ɗurawa a tsohuwar kwalbar sirop ko ta lemo ma ko takarda babu, yaro kuma bai san bambancinsa da abin sha ba.

Alhali ajiyar wake ba ta buƙatar guba. Buhun nan mai riɓi uku, PICS, da jami'ar Purdue ta Amurka ta fito da shi ƙarƙashin Larry Murdock, aka soma yaɗa shi a 2007, masu bincike na INRAN a Maraɗi irin su Ibrahim Baoua sun gwada shi a ƙauyukanmu. Leda biyu masu kauri a ciki, buhun saƙa a waje, kowanne a ɗaure shi daban. Ƙwarin da ke ciki su shanye iskar da ta rage, su daina ci da haihuwa, su bushe. Sharaɗinsa wake ya bushe sarai, leda kada ta huje, kada a riƙa buɗewa, a kuma tsare shi daga ɓera. Bidon mai murfi da aka wanke ya bushe, aka cika shi taf aka toshe, shi ma haka yake aiki.

A garka kuwa, Baba, in feshin ya zama dole, a nemi malamin gona ya faɗi maganin da ya dace da tumatur ko shu ko tonka, da adadinsa, da kwana nawa za a jira kafin a tsinka. A yi shi da sassafe ko da marece, iska na bayanka. Doguwar riga da wando da takalmi rufaffe, a rufe hanci da baki, ba a cin goro ko shan taba ana cikin yi, ba a busa bakin pompo in ya toshe. A yi wanka da sabulu kafin a taɓa abinci, kayan feshi kuma a wanke su daban da na iyali. Ranar da ka ji yawu ya soma taruwa ko gani ya soma dishi-dishi, a ajiye pompo nan take, a je a duba ka.

A shirin mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu zo da malamin gona da ma'aikacin lafiya cikin situdiyo. Duk mai kwalbar magani a gida ya kwafo sunan da ke jikinta, ko ya sa a kwafo masa, ya bugo mu duba tare.